Biyu Gaba, Biyu Baya

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan doguwar motar fasinja, kuma tun ranar da ya ajiye makulli unguwa ba ta sake hutawa ba. Mutum ne da bai taɓa ganin aikin da ya fi ƙarfinsa ba, muddin wani ne ke yin sa. Mai gyaran famfo na tsugune yana fama, shi yana tsaye a kansa yana nuna masa inda ya kuskure. Likita ya rubuta magani, sai ya gyaɗa kai ya ce shi ma abin da zai rubuta ke nan. Hujjarsa ɗaya ce kullum: wanda ya iya juya mota mai kujera sittin a cikin lungu, babu abin da zai gagare shi a duniya.

Ana nan sai 'yarsa Auta ta sami aiki a wani gari mai nisa, a ɗakin sanyi na wani kamfanin ajiye magunguna, inda za ta riƙa wuni tana duba kwalaye tana danna lambobi a wata 'yar na'ura. An gaya mata sanyin wurin ba na wasa ba ne, kuma safar hannu mai yatsu ba ta danna na'urar. Mahaifiyarta, wadda ta daɗe tana saƙa da kibiya, ta sayo zaren ulu ruwan toka, ta ce za ta saƙa mata mayafin wuya, zagayayyen nan da ake zura kai, mai tudu da kwari a jiki don ya riƙe ɗumi, da kuma safar hannu marar yatsu. Ta fara mayafin ke nan, ranar Lahadi santsi ya kwashe ta a banɗaki, aka ɗaure mata hannun dama har gwiwa. Tafiyar Auta kuwa ranar Asabar ce da ƙarfe goma na safe.

Maman Auta ta ce za ta kai wa wata ƙawarta ta ƙarasa. Baba Direba ya ajiye kofin shayinsa ya dube ta kamar ta zage shi.

"Wai tsinke biyu da zare za a ɗauka a kai gidan wasu, ni ina zaune?"

"Baban Auta, saƙa fa ba tuƙi ba ce."

"Ai shi ya sa. Ba ta da birki, ba ta da kwana, ba mai shigo maka ta hannun da ba nasa ba. Miƙo min."

Cika bakin gaskiya ne, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa wanda bai faɗa wa kowa ba. Ranar da aka haifi Auta yana kan hanya. Ranar da ta fara tafiya yana kan hanya, ranar da ta gama makaranta ma a waya aka gaya masa. Yanzu da ya zauna a gida ita ce za ta tafi, kuma ya duba ya ga bai taɓa sa mata wani abu a hannu da zai ce shi ya yi da kansa ba. Abin yana cin sa sosai, ya ƙudurta cewa wannan karon sai ta tafi da aikin hannunsa.

Da hannun hagu matarsa ta nuna masa yadda ake zura kibiya a cikin ido, wato ɗan madaukin da ke rataye a jikin ɗaya kibiyar, a naɗo zare, a jawo. Ya yi uku, ya ce ya isa, wanda ya gane giyar farko ba a koya masa sauran. Tana cewa ya tsaya akwai kashi na biyu, shi har ya ɗauki littafin da take rubuta tsarin saƙarta ya sa a aljihu. A gida kuwa ba zai yi aikin ba, don gida ba 'yan kallo. Ranar Litinin da safe ya kwashi kayansa ya nufi rumfar kwano da ke ƙofar shagon Mai Aski, inda Tela, tsohon abokinsa, yake fito da kekensa saboda haske.

Ya buɗe littafi ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji: "Biyu gaba, biyu baya, har ƙarshen layi." Ya yi dariya ya bugi cinya, ya ce su duba, har yaren ma a wurin direbobi masu saƙa suka sato shi. Gaba ai gaba ce, baya kuwa ribas. Nan take ya saƙa ido biyu, ya dawo ya warware biyu. Ya sake saƙa biyu, ya sake warware biyu. Haka ya wuni, yana yi yana ba da labarin wata gada da ya taɓa tsallakewa da baya cikin ruwan sama.

Tela mutum ne da tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, kuma ba ya iya ganin abu bai auna ba. Da safe ya auna saƙar ya ce inci takwas. Da yamma ya sake aunawa, ya duba tef, ya duba Baba Direba, ya ce inci takwas. Baba Direba ya ce wanda bai san mota ba shi ke zaton ana tayar da inji a fizga. Yau ɗumama hannu ya yi, gobe za su ga gudu.

Gudun kuwa sun gani. Ranar Talata ya gano cewa ribas ya fi sauƙi, don in ka zare kibiya ka ɗan ja zaren, idanu da kansu suke bin ka. Sai ya zama biyu gaba, huɗu baya, wani lokaci in labari ya yi daɗi layi guda baya. Da azahar inci biyar. Da yamma Tela ya auna ya sami inci biyu, ya naɗe tef ɗinsa a hankali.

"A wannan gudun, gobe za ka isa shagon da aka sayo zaren. Jibi kuma kana jikin tunkiyar."

"Kai ɗinki ka sani," in ji Baba Direba. "Saƙa sai ta tsuke kafin ta miƙe."

Mai Aski, da yake yaro ne a kansu kuma yana jin nauyinsa, ya ce ƙila haka ne, Baba ya fi su sani. Amma ya juya fuskarsa wajen madubi kafin ya faɗa, kuma madubin ya tona masa asiri.

Ranar Laraba da safe Maman Auta ta biyo ta wurin daga asibiti, hannu rataye a wuya. Kwana biyu yana shigowa gida da saƙar ƙunshe a jarida, ya ce ba a duba aiki sai an gama. Yanzu ta ga kibiyoyinta da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba a jikinsu, ga tulin zare duk ya nannaɗe a ƙasan benci. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna ta ce ya yi ta gani. Ya gyara zama ya yi mata, har da bayani: ga gaba, ga ribas, a lura da madubi.

Ta ce masa gaba da baya sunayen ido biyu ne, ba tafiya ba ce. Gaba shi ne wanda ta koya masa, mai fitowa sumul. Baya shi ne wanda ake kawo zaren ta ɗaya gefen, ya fito da ɗan ƙulli. Haɗuwarsu ce ke ba da tudu da kwari, kuma tun da take ba ta taɓa jin wanda ya warware saƙa don littafi ya ce ba. Mai Aski ya ɗage inji daga kan mutumin da yake wa aski, don dariya ta ci ƙarfinsa. Tela kuwa kwanciya ya yi a kan kekensa. Kafin azahar sunan Baba Ribas ya kai ƙarshen layi.

Shi bakinsa bai mutu ba. Ya ce laifin littafin ne, hanyar da ba a kafa mata alama ba ba a tuhumar direba. Amma ya zauna aka koya masa baya a gaban jama'a, abin da ya fi komai yi masa ciwo, ya kuma fara daga farko, saura kwana uku.

Yanzu saƙa ta fara tafiya, sai dai kowane ido sai ya ɗaure shi tamau kamar notin taya. Matarsa ta aiko a ce masa ya saki hannu, ya ce a gaya mata sakakken noti shi ke kashe mutane. Yana yi yana nishi, jijiyar wuyansa a tashe, kibiya tana ƙara. Abin da ke fitowa kuwa tudu da kwarin yana nan, amma in ka ajiye shi a benci tsayawa yake da ƙafarsa. Wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta taɓa shi ta tambaya ko abin goge tukunya ne, kuma ko ana sayarwa.

Ranar Alhamis da rana ya ce tsawon ya isa. Tela ya auna ya sami inci tara, ya ce wuyan mutum da kansa suna neman fiye da ashirin. Baba Direba ya ce ulu ba yadi ba ne, miƙewa yake kamar robar cikin taya, Tela ya tsaya a inda ya sani. Ya rufe bakin saƙar yadda aka nuna masa, yana jan idon ƙarshe kibiya ta ce ƙas, ta rabu biyu.

Bai koma gida ya faɗa ba. Ya wuce wurin Mai Walda ya sa aka yanko masa rodi biyu masu kaurin babban yatsa, aka fere musu baki. Ya ce waɗannan su ne kibiyoyin maza, waccan ta roba dama ba ta da inganci. Da su ya fara safar hannu, kuma da yake karyewar ta ɗan tsorata shi, wannan karon ya saki hannu gaba ɗaya. Saƙa ta riƙa zuba. Kowane ido za ka iya leƙa mutum ta cikinsa. Baba Direba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce yanzu ne aka hau kwalta.

Duk wannan abin Auta tana gida tana haɗa kaya. Takan kawo masa shayi rumfar, shi kuma da ya hango ta sai ya rufe aikin da jarida, wai kada ta gani kafin ranar, alhali unguwar gaba ɗaya ta gani. Ita ma sai ta kau da kai ta ajiye kofin, ta ce, "Sannu da aiki, Baba," ba ta taɓa ko murmushi ba sai ta sha kwana.

Ranar Juma'a da yamma ya ɗinke gefen safar, ya bar ƙofar babban yatsa wadda dunƙulen hannu zai wuce ta ciki. Ya ɗaga ta sama. Tela ya ce shi dai ƙafar wando ya gani, kuma ta mai ƙiba. Mai Aski ya tambaya cikin ladabi ko hannu biyun ne za su shiga tare. Baba Direba ya ce ba su taɓa shiga ɗakin sanyi ba, hannu kumbura yake, dole a bar masa fili. Da ya juya zai fara ta biyu sai ya tarar zare ya ƙare, safa ɗaya ta cinye shi duka. Ya ce ba komai, da hannu ɗaya ake danna na'ura.

Saura haɗa bakin mayafin wuya ya zama zagaye, ya bar wannan sai safiyar Asabar. Ya zo da wuri da akwatin kayan aikinsa na da. Ya lanƙwasa saƙar, ta fizge ta miƙe. Ya sake, ta sake. Sai ya dubi ƙafar rumfa, wani bututun ƙarfe da ke tsaye a kan dutsen siminti, samansa ɗaure da noti a jikin katakon rufi. Ya ce yauwa, taya ma ba a sa ta sai da wili. Ya naɗa saƙar a jikin bututun, ya jawo bakin biyu da filaya, ya ari babbar allurar Tela ya ɗinke. Ya bi ɗinkin sau uku, ya ƙulle, ya ƙara ƙullewa. Tela yana kallo tun daga farko. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna an ce ya tsaya a inda ya sani, ya rufe.

Ƙarfe tara da rabi Baba Direba ya tafa hannu ya kira jama'a: Mai Walda, matar da ke sayar da kayan miya, masu jiran aski, har masu wucewa. Ya yi ɗan jawabi a kan masu raina tsofaffin direbobi. Sannan ya kama mayafin ya ja sama, ya tokare da katako. Ya ja ƙasa, ya tokare da dutse. Ya sake sama, ya sake ƙasa.

"Biyu sama, biyu ƙasa," in ji Tela, ko kai bai ɗago ba.

Aka yi dariya, amma Baba Direba bai ji ta ba, agogo yake kallo. Tela ya tausaya masa ya kawo reza zai farke ɗinkin, sai aka ga ba inda bakin reza zai shiga ba tare da ya yanka saƙar ba. Mai Walda ya ce a yanka kawai a sake haɗawa. Baba Direba ya tare da jikinsa ya ce ba mai sa wa abin nan ƙarfe, kwana uku ya yi a kansa. Ba saƙar ce ta yi laifi ba, rumfar ce ta tare hanya, don haka rumfar za a ɗaga.

Mai Aski ya fito da inji a hannu yana roƙo, ya ce Baba ya yi wa Allah, yana da mutum a kujera an aske rabin kai. Baba Direba ya ce shi da ya taɓa ɗaga mota mai fasinja sittin a ciki, kwano huɗu ba za su ba shi kunya ba. Ya fito da jak ɗinsa na ɗaga mota, ya ɗora wani dogon katako a kai ya tokare rufin, ya buga har rumfa ta ɗan ɗago. Ya kwance notin da sifana, ya karkato bututun, ya zare mayafin ta sama. Abin ya yi, wallahi ya yi. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya ja da baya don kowa ya gani da kyau, dugadugansa suka bugi jak.

Katako ya goce. Rumfa ta sunkuyo ta wannan kusurwar a hankali, kamar mai gaisuwa. Tsofaffin tayoyi biyu da aka danne kwanon da su suka gangaro suka bi titi. Busassun ganyen shekara guda da ruwan da ya kwanta a kwarin kwano suka juye a kan Tela da kekensa. Mutumin da ke kujera ya fito a guje da ƙyallen aski a wuya, rabin kai fes, rabi daji. Ba wanda ya ji rauni, shi ya sa dariyar ta fito ba ƙaƙƙautawa. Ana cikin haka motar hayar da za ta kai Auta tasha ta tsaya tana hon, Auta ta fito daga ciki, mahaifiyarta na biye da ita.

Baba Direba ya kakkaɓe ganye daga kafaɗa, ya miƙa mata mayafin. Ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a kai ta ja. Ya zauna a tsakiyar kanta ya ƙi motsi. Ta ƙara ja, mahaifiyarta ta taya ta da hannun hagu, ko kunne bai kai ba. Jama'a suka sake fashewa, kowa yana jiran ya ji abin da zai ce wannan karon, ko kai ne ya kumbura, ko ulun ne bai ɗumama ba.

Bai ce ko ɗaya ba. Ya duba abin da ke kan 'yarsa, ya duba rumfar, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Da ya yi magana, muryar ba irin wadda unguwa ta saba ji ba ce.

"Auta, ban iya ba. So na yi ki tafi da abin da na yi da hannuna."

Dariyar ta mutu. Tela ya sunkuyar da kai yana matse tef ɗinsa.

Auta ta sauke mayafin daga kai, ta juya shi tana dubawa. Sai ta zura hannun dama a ciki. Ya shige ya kama ta daga tsintsiyar hannu zuwa tafi, cif, babban yatsanta kuma ya leƙo ta wani rami da idanu uku suka kuɓuce masa bai sani ba. Ta motsa yatsunta huɗu a sarari. Ta ce a ba ta safar. Ya zaro ta daga aljihu ba tare da ya dube ta ba. Ta zura kai a ciki, safar ta sauka a wuyanta ta kwanta lafiya lau. Mahaifiyarta ta cire fil daga ƙyallen da ke rataye da hannunta ta maƙale ƙofar babban yatsan ta baya.

"Wuya ya samu, hannun dama ya samu," in ji Auta. "Saura na hagu, Baba. Ka aiko min. Kuma kada ka bari Mama ta saƙa, ba za su zo iri ɗaya ba."

Direban motar ya sake danna hon. Ta durƙusa ta yi wa mahaifinta sallama, ta rungume mahaifiyarta, ta shiga. Har motar ta sha kwana hannunta na dama yana waje ta taga. Baba Direba ya tsaya a tsakiyar titi yana goge ido, ya ce ƙurar kwanon nan ce, wa ya san shekara nawa ba a share ba. Ba wanda ya musa masa, har Tela.

Da motar ta ɓace ya juyo, ya tsaya yana ƙare wa sauran ƙafafun rumfar uku kallo, yana auna kaurinsu da yatsu daga nesa. Mai Aski ya ajiye injinsa a hankali, ya je ya rungume wadda ta fi kusa da hannu biyu.